Nisan Tafiya da Tsawon Lokacinta Tsakanin Filayen Jirgin Sama Biyu Masu Nisa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa neman tikitin doguwar tafiya ya ga lambobi biyu: kilomita nawa ne, kuma awa nawa za a yi. Ta farko ba ta canzawa, domin filayen jirgi ba sa motsi daga inda aka gina su. Ta biyun kuwa kullum cikin sauyawa take, gwargwadon iska, da hanyar da aka bi, da cunkoson filin da za a sauka. Yawancin tambayoyin da ke ƙasa daga wannan saɓanin suka samo asali.

Yaya ake auna nisan da ke tsakanin filayen jirgi biyu?

Kowane filin jirgi yana da matsayinsa a doron ƙasa, wato layin da ke nuna nisansa arewa ko kudu da tsakiyar duniya, da wanda ke nuna nisansa gabas ko yamma. Da waɗannan lambobi ake lissafa hanya mafi gajarta a bayan duniya, ita ce ake kira babbar da'ira. Duniya kusan mulmulalliya ce, kewayenta a tsakiya ya kai kimanin kilomita 40,075. Saboda haka babu wurare biyu a bayan ƙasa da nisansu zai wuce kilomita 20,000 da ɗoriya kaɗan, domin da ka wuce rabin kewaye, ka fara matsowa kusa ta ɗaya ɓangaren.

Da wannan ma'auni, daga filin JFK na Niyok zuwa Heathrow na Landan kimanin kilomita 5,550 ne. Daga Sidni zuwa Los Anjelis ya ɗan haura 12,000. Wannan ita ce lambar da shafukan lissafin nisa suke ba ka.

Me ya sa layin jirgi a taswira yake lanƙwasa, maimakon ya miƙe?

Laifin taswira ne, ba na matuƙi ba. Ba a shimfiɗa abu mulmulalle a kan takarda sai an miƙe wani sashe nasa fiye da kima. Taswirar da aka fi sabawa da ita, wadda Mercator ya fitar a shekarar 1569 domin amfanin masu jiragen ruwa, tana kumbura ƙasashen da ke can ƙurya arewa da kudu. Shi ya sa tsibirin Girinlan yake fitowa kamar ya yi Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14.

In kana son ka gani da idonka, samu ƙwallon taswirar duniya da zare. Ɗora bakin zaren a kan Niyok, ɗaya bakin a kan Beijin, ka ja shi ya yi tsam. Biranen biyu kusan a layi ɗaya suke ta fuskar arewa, don haka a shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ka zaci jirgi zai nufi yamma sak, ya ratsa Tekun Pasifik. Amma zaren zai hau ta kan Kanada, ya bi ta yankin ƙanƙarar arewa, ya gangaro ta Saiberiya. Nan ne gajeriyar hanya. Haka jirgin Dubai zuwa Los Anjelis yake bi ta kusa da ƙuryar arewacin duniya, na Sidni zuwa Santiyago ta ƙasar Chile kuma ya karkata kudu sosai, wajen Antaktika.

To, jirgi yana bin wannan gajeriyar hanyar daidai-wa-daida?

Da wuya. Kusan kullum abin da jirgi ya ci a zahiri ya fi abin da shafin lissafi ya nuna, kuma dalilan suna da yawa.

Na farko, sararin samaniya yana da masu shi. Kowace ƙasa ita ke da iko da saman ƙasarta, tana iya buɗewa, tana iya rufewa. A shekarar 2022, da yaƙin Yukren ya ɓarke, aka rufe wa kamfanonin Turai sararin Rasha. Jirgin Finnair daga Helsinki zuwa Tokiyo, wanda a da yake yin awa 9 ko kusa da haka ta kan Saiberiya, ya koma yin wajen awa 13, ko dai ta ƙuryar arewa ko ta ƙasashen da ke kudu da Rasha. Helsinki da Tokiyo suna nan inda suke, amma an ƙara wa matafiyi awa huɗu cur.

Na biyu, akwai dokar nisa daga filin gaggawa. Jirgi mai inji biyu, irin wanda yawancin dogayen tafiye-tafiye suke amfani da shi yanzu, dole ne a kowane lokaci ya kasance yana iya isa wani fili ya sauka da inji ɗaya idan ɗayan ya mutu. A da iyakar tafiyar minti 60 ce zuwa fili mafi kusa, abin da ya hana irin waɗannan jirage ratsa manyan tekuna ta tsakiya. A 1985 aka fara ba da izinin minti 120 a ƙarƙashin tsarin da ake kira ETOPS, daga baya aka kai 180, har a 2014 hukumar Turai ta amince wa Airbus A350 da minti 370. Duk da haka, mai tsara hanya yana zana ta ne da ido a kan filayen da za a iya faɗawa, ko da hakan zai sa a ɗan yi kwana. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma ban ga matafiyin da zai yi jayayya da wannan a tsakiyar teku ba.

Akwai kuma duwatsu. Jirage da dama suna kauce wa tudun Tibet, domin tsayinsa a matsakaici ya haura mita 4,500. Idan iskar cikin jirgi ta zube, ƙa'ida ita ce matuƙi ya gangaro da sauri zuwa kimanin mita 3,000 inda mutum zai iya numfashi ba tare da taimako ba. A Tibet, ƙasar kanta ta fi wannan tsayi.

Sai hadari da wuraren atisayen soja da hanyoyin da masu kula da zirga-zirgar jirage suka tsara, waɗanda kowannensu yana ƙara 'yan kilomitoci.

Me ya sa zuwa da dawowa ba sa zama ɗaya, alhali hanya ɗaya ce?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma amsarta iska ce. A tsayin da jiragen fasinja suke tafiya, tsakanin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, akwai wasu kogunan iska masu ƙarfin gaske da ke kwarara daga yamma zuwa gabas. Sau da yawa gudunsu yakan kai kilomita 150 zuwa 200 a awa, a lokacin sanyin arewa kuma yakan haura 300. Wani masanin yanayi ɗan Japan mai suna Wasaburo Oishi ne ya fara auna su a shekarun 1920, yana sakin balan-balan yana bin su da na'ura. Ya rubuta sakamakon da Esperanto, wani ƙirƙirarren harshe da ba mutane da yawa suke ji ba, don haka mutane ƙalilan ne suka kula. Sai a Yaƙin Duniya na Biyu, da matuƙan jiragen yaƙin Amurka suka ci karo da iskar a saman Japan, sannan aka ɗauki batun da muhimmanci.

Jirgi a cikin wannan iska kamar kwalekwale ne a kogi: mai gangarawa ruwa na taimakonsa, mai hawa kuma yana kokawa da shi, ko da ƙarfin tuƙinsu ɗaya ne. A ce jirgi yana keta iska da gudun kilomita 900 a awa, iskar kuma tana gudun 150. Idan a bayansa take, yana cin ƙasa da gudun 1,050. Idan a gabansa take, 750 kawai yake ci. A tafiyar kilomita 5,550, wannan ya zama awa 5 da kusan minti 20 a zuwa, awa 7 da kusan minti 25 a dawowa. Ka lura da wani abu a nan: in ka haɗa biyun, sun fi abin da za a yi da babu iskar kwata-kwata. Abin da ta ba ka a zuwa bai kai abin da ta karɓe a dawowa ba, saboda ka fi daɗewa a cikinta lokacin da take gaba da kai.

Shi ya sa a jadawali Niyok zuwa Landan yake kusan awa 7, Landan zuwa Niyok kuma kusan 8. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya yi Niyok zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56. Gudunsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa, wato ya zarce gudun sauti in da a ƙasa ake aunawa, amma bai keta shingen sauti ba, domin a cikin iskar da ke ɗauke da shi gudunsa na kullum yake yi.

Masu kula da sararin Arewacin Atlantika, a cibiyar Gander ta Kanada da ta Shanwick a ɓangaren Turai, suna sake zana hanyoyin ratsa tekun kowace rana bisa inda iskar ta kwanta. Masu zuwa gabas a shigar da su cikinta, masu zuwa yamma a kauce da su. Saboda haka jirgi mai lamba ɗaya yana iya bin hanyoyi mabambanta jiya da yau.

Ba juyawar duniya ce ke kawo wannan bambancin ba?

Ba kai tsaye ba. Gaskiya ne duniya tana juyawa zuwa gabas, a tsakiyarta da gudun kimanin kilomita 1,670 a awa, amma tana juyawa ne tare da iskar da ta lulluɓe ta da jirgin da ke cikin iskar. Da ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin jirgi, da tafiya yamma ce za ta fi sauri, alhali akasin haka ake gani. Hannun juyawar duniya a cikin lamarin shi ne ita ke karkatar da waɗancan kogunan iska su fuskanci gabas.

Lokacin da aka rubuta a tikiti, na tafiyar sama ne kaɗai?

A'a. Kamfanoni suna ƙirgawa ne daga lokacin da aka cire weji daga tayoyin jirgi ya fara ja da baya daga ƙofar shiga, har zuwa lokacin da ya tsaya cik a ƙofar sauka. A cikin wannan akwai tafiyar ƙasa zuwa titin tashi, da layin jiran izini, wanda a manyan filaye yakan ci minti 20 ko fiye. Akwai hawa da gangarowa, inda jirgi ba ya cikakken gudunsa. A ƙasashe da yawa ma an iyakance gudu a ƙasa da mita 3,000 zuwa kimanin kilomita 460 a awa. Akwai kuma shawagin jira. A Heathrow akwai wurare huɗu a sama da aka ware, inda jirage suke kewayawa hawa-hawa, wani a saman wani, har layi ya zo kansu.

Kamfanoni sun san da duk wannan, shi ya sa suke ƙara 'yan mintoci a jadawali. Idan ka ji matuƙi ya ce za a yi awa 6 da minti 20 alhali tikitinka ya ce awa 7, babu wanda ya yi kuskure: shi na sama yake faɗa. Kuma a ƙididdigar harkar, jirgin da ya iso cikin minti 15 bayan lokacin da aka tsara ana lissafa shi cikin waɗanda suka zo a kan kari.

Zan iya ƙiyasta lokacin da kaina?

Ƙwarai. Raba nisan da 850, ka ƙara rabin awa. Niyok zuwa Landan: 5,550 a raba da 850 ya ba da awa 6 da rabi, da ƙarin rabin awa ya zama 7. In tafiyar ta fuskanci yamma a yankunan da iskar take da ƙarfi, ƙara wajen awa guda. Tafiyar arewa zuwa kudu, kamar Landan zuwa Johannesbag, zuwa da dawowanta ba su cika bambanta sosai ba, tunda iskar ta gefe take bugowa. Ƙiyasi ne dai, kuma ya fi dacewa da doguwar tafiya. A gajeriya, hawa da sauka ne suke cinye yawancin lokacin.

Tikitina ya nuna zan sauka kafin lokacin da na tashi. Kuskure ne?

Ba kuskure ba ne. Kowane lokaci da ke kan tikiti agogon wurin ne: na tashi agogon filin tashi, na sauka agogon filin sauka. Wanda ya manta da wannan shi ne yake zaton Landan zuwa Dubai awa 11 ne don ya ga tashi ƙarfe 9 na safe, sauka ƙarfe 8 na dare. A lokacin sanyi Dubai tana gaba da Landan da awa 4, in ka cire su sai ka ga awa 7 ce tafiyar.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne Tekun Pasifik, domin ta tsakiyarsa layin sauyin rana ya ratsa. A watan Yuli, Sidni tana gaba da Los Anjelis da awa 17. Ka tashi daga Sidni ƙarfe 10 na safiyar Talata, ka yi awa 14 a sama, ka sauka ƙarfe 7 na safiyar wannan Talatar. A dawowa kuma ka tashi ƙarfe 11 na daren Talata, ka yi awa 15, ka sauka da safiyar Alhamis. Larabar ta wuce ka a cikin jirgi. A duba alamar +1 ko +2 da ake sawa kusa da lokacin sauka, musamman in wani zai zo tarye ko an kama masauki. Su kansu matuƙa da masu kula da zirga-zirga ba sa shiga wannan ruɗanin, agogo ɗaya suke aiki da shi a duk duniya, wato UTC.

Me ya sa shafi ɗaya zai ce 5,550, wani ya ce 3,450, wani kuma 3,000?

Ma'aunai ne suka bambanta. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne na ƙasa, mai mita 1,609. Na uku mil ne na teku, mai mita 1,852, kuma shi ne matuƙan jirgi suke amfani da shi.

Wace ce tafiya mafi tsawo da jirgin fasinja yake yi ba tare da tsayawa ba?

Tun daga ƙarshen 2020, ta Singapore Airlines ce tsakanin Singafo da JFK, kimanin kilomita 15,350, awa 18 da rabi ko fiye. Jirgin da ke yin ta, Airbus A350-900ULR, yana iya ɗaukar lita 165,000 na mai, kujerunsa kuma 161 ne kacal, babu ɓangaren kujeru masu araha na gama-gari. Dalilin nauyi ne. A irin wannan tafiya, wani kaso na man ana ƙona shi ne don ɗaukar sauran man da za a ƙona can gaba, saboda haka duk kilon da aka rage riba ne. Jirgin yakan fara tafiya a ɗan ƙasa-ƙasa don ya yi nauyi, yana ƙara hawa mataki-mataki yayin da tankunansa suke raguwa. Abin burgewa a wannan hanya shi ne, tunda biranen biyu suna ɓangarorin duniya biyu ne, ta yadda bi ta gabas da bi ta yamma ba su bambanta sosai ba, sau da yawa jirgin yakan fuskanci gabas a zuwa ta kan Pasifik, ya sake fuskantar gabas a dawowa ta kan Atlantika da Turai. Ya ƙara kilomitoci, amma iska tana bayansa.

Qantas, kamfanin jirage na Ostireliya, ta buɗe Perth zuwa Landan a watan Maris na 2018, kimanin kilomita 14,500 cikin awa 17 da Boeing 787. A 2019 ta yi gwajin Niyok zuwa Sidni da Landan zuwa Sidni, kowanne ya ɗan haura awa 19. A 1947, tafiyar Sidni zuwa Landan a jirgin wannan kamfani kwana huɗu take ci, ana sauka ana tashi a hanya.

Da duk ci gaban da aka samu, me ya hana jirage ƙara gudu?

Gudun jiragen fasinja bai canza sosai ba tun shekarun 1960. Suna tafiya ne a kusan kashi 85 cikin 100 na gudun sauti, domin da an ƙara matsawa kusa da shi, turjiyar iska takan ƙaru matuƙa, mai ya riƙa tafiya a banza. An taɓa tsallake wannan shinge da jirgin Concorde, wanda a watan Fabrairun 1996 ya yi Niyok zuwa Landan cikin awa 2 da minti 52 da daƙiƙa 59. Amma fasinja kusan 100 yake ɗauka, yana shan mai ba kaɗan ba, ƙarar da yake yi in ya keta sauti kuma ta sa ƙasashe suka hana shi cikakken gudu a saman garuruwansu. Aka ajiye shi a 2003. Tun daga nan ƙoƙarin masu ƙera jirage ya fi karkata ga tsimin mai da nisan zango.

Nisan tafiya ne ke jawo rikicewar barci bayan an sauka?

Yawan awoyin agogo da ka tsallaka ne, ba kilomita ba. Wanda ya yi awa 11 daga Landan zuwa Johannesbag zai gaji, amma agogon jikinsa bai rikice ba, tunda bambancin lokacin awa ɗaya ne ko biyu. Wanda ya yi awa 11 daga Landan zuwa Los Anjelis ya tsallake awa 8, jikinsa zai riƙa neman barci da rana tsaka. Jiki yakan gyara kimanin awa guda a kowace rana, kuma ga yawancin mutane tafiya gabas ta fi wahalar sabawa, saboda kwanciya da wuri ta fi jinkirta barci wuya.

Wanne ya fi: tafiya ba tsayawa, ko wadda za a yada zango?

In lokaci ne damuwarka, wadda ba tsayawa ta fi, kuma ratar takan fi yadda ake zato. Yada zango yana ƙara nisa idan filin da za a sauya jirgi ba a kan hanya yake ba, yana ƙara sauka ɗaya da tashi ɗaya, ga zaman jira. Tafiyar awa 14 tana iya komawa 19 ko 20. Sai dai akwai waɗanda tsayawar ta fi musu alheri, kamar tsofaffi, da masu ƙananan yara, da wanda likita ya gargaɗe shi a kan dogon zama wuri ɗaya, kuma sau da yawa tikitin yakan fi sauƙi.

Abin da nake roƙon mai sayen tikiti shi ne ya duba jimillar lokacin tafiya, kada ya tsaya a kan lambar jirgi. Akwai jiragen da suke riƙe da lamba ɗaya daga farko har ƙarshe amma suna sauka a hanya, kamar na Singapore Airlines da ke bi ta Frankfurt zuwa Niyok. A kuma duba haruffa ukun da ke nuna filin, domin babban birni yakan mallaki filaye fiye da ɗaya. LHR Heathrow ne, LGW Gatwick ne, duka na Landan, amma tsakaninsu tafiyar awa guda ce ko fiye a mota. Wanda ya sauka a ɗaya kuma jirginsa na gaba yana ɗayan, sai ya wuce jami'an shige da fice, ya karɓi kayansa, ya ratsa gari, ya sake shiga layin bincike. Idan tikiti ɗaya ne ya haɗa tafiyar, jirgin farko ya makara, kamfani ne zai nemo maka wani. Idan kuwa tikiti biyu ka saya daban-daban, asarar a wuyanka take, don haka awa biyu tsakanin jirage a irin wannan hali ba ta isa ba. A bar huɗu ko fiye.